Darasi na Tara: Kakin Ƙungiya da Mutuncin Mai Sa Shi

Manufar darasi

Idan aka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin amfanin kaki ga ƙungiyar matasa da ga jama'ar gari;
2. nuna yadda ake sa shi cikakke, da yadda ake wanke shi a adana;
3. bambanta wurin da ya dace a sa shi da wurin da bai dace ba;
4. lissafa kuɗin ɗinka wa ƙungiya kaki.

Share fage

Kafin a buɗe littafi, malami ya tambayi aji: Waɗanne ƙungiyoyin samari da ƴanmata ne a garinku? Wace ce take da kaki? Da me kuke gane ƴaƴanta a cikin taro?

Karatu

*1. Abin da kaki yake faɗa*

Duk wanda ya taɓa halartar taro a ƙofar fadar Sarkin Gobir a Tibiri ya ga yadda dogari yake raba cincirindon mutane. Ba sai ya faɗi sunansa ba. Da an hango ja da kore, sai hanya ta buɗe. Da yawa ba su san ko ɗan wane gida ne ba, amma kowa ya san wanda ya aiko shi. Aikin kaki ke nan tun zamanin kakanni: yana sanar da jama'a a madadin wa mutum yake tsaye, yana kuma nuna musu inda za su kai ƙara in ya yi ba daidai ba.

A yau, daga Gidan Rumji zuwa Agiye har Gazawa, da wuya ka sami gari babba da ba shi da ƙungiyar matasa mai tufa iri ɗaya. Akwai ƴan agaji masu tsara sahu a filin idi da wurin wa'azi. Akwai ƴan sa kai na ƙungiyar Croix-Rouge, da ƴan Sikawut, da ƴan ƙwallo, da samarin fada da suka ɗauki nauyin sharar kasuwa da yashe magudanar ruwa kafin damina. Abin damuwa shi ne yadda wasu suke riƙon tufar. Wani ya sa rigar kaki a kan wandon gida. Wani ya bar maɓallai a buɗe, hula a aljihu. Wani ya ara wa ƙanensa ya tafi kiwo da ita. Ranar taro sai ka ga mutum ashirin, kowa da kamarsa, har baƙo ya rasa wanda zai tambaya.

Wanda ya sa kakin ƙungiya ya ɗauki sunan mutane da yawa ya rataya a jikinsa. Wannan amana ce, kuma ita ce darasinmu na yau.

*2. Daga Samariya zuwa Ɗan Saga*

Haɗa matasa a ƙungiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa kowane gari yana da sarkin samari, mai kiran gayya da shirya wasa da tarbar baƙi. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da Samariya ta ba ta matsayi a ko'ina cikin Nijar. Ƴan Samariya sun gina azuzuwa, sun share gari, sun dasa itatuwa. Daga 1976 aka riƙa yin bikin matasa na ƙasa, ana zagayawa da shi manyan garuruwa, kowace tawaga da shigarta iri ɗaya. Dattawan da ke cikin wannan aji suna iya ba da labarin yadda ake shirya wa wannan fita: wanki, guga, gwaji, da duba juna kafin a shiga fili, don kada wani ya jawo wa garinsu abin faɗe.

Misali mafi kusa da mu yana cikin gundumar Agiye. Bayan farin shekarun 1970, gonakin jihar Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. Daga 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoman jihar a kan sassaben zamani, wato a bar tohon da ke fitowa daga kututturen sabara da kalgo da gawo, a rage rassan, a bar masu ƙarfi su girma. Dabarar ta bazu har aka ƙiyasta cewa ta mai da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar.

Amma itacen da manomi ya raina da rana, wani yana iya sare shi da dare. Mutanen Ɗan Saga, a ƙasar Agiye, suna cikin waɗanda suka yi suna wajen magance wannan. Sun kafa kwamitin sa ido, suka sa maza da mata da makiyaya a ciki, suka yi dokokinsu da tarar wanda ya karya. Aka ba ƴan kwamitin kaki da bajo, alamar cewa gari ne ya ɗora su. Ku yi tunani a kan wannan da kyau. Ɗan kwamitin manomi ne kamar kowa, ba shi da bindiga, ba shi da albashin gwamnati. In ya tarar da mai gatari a gonar wani yana sanye da rigar gida, faɗan mutum biyu ne. In ya zo da kakinsa da bajonsa, mai gatari ya san da gari duka yake magana.

*3. Misalai daga nesa*

Ƙungiyar Sikawut ta samo asali a Ingila a 1907, lokacin da wanda ya kafa ta, Baden-Powell, ya kai wasu yara zangon gwaji a tsibirin Brownsea. Ya haɗa ƴaƴan masu hali da ƴaƴan talakawa da gangan, kuma yana ganin tufa iri ɗaya tana rufe wannan bambanci. A Nijar an kafa ƙungiyar tun 1947, ta shiga babbar ƙungiyar Sikawut ta duniya a 1996. Ƙyallen da suke ɗaurawa a wuya ba ado kaɗai ba ne: ana ɗaure rauni da shi, ana rataye karyayyen hannu, ana kare hanci daga ƙura.

Ita kuwa Croix-Rouge, alamarta tana da kariyar dokar duniya. An amince da ita a Janeba a 1864, don a gane masu kwasar raunana a fagen yaƙi kada a harbe su, daga baya ƙasashen Musulmi da dama suka ɗauki jan jinjirin wata da ma'ana guda. Reshen Nijar ya kafu a 1963. Ba kowa ne yake da izinin sa wannan alama ba, domin in kowa ya sa ta, ranar da ake bukatarta ba wanda zai yarda da ita.

Mun ga amfanin haka a gida. Daga 2019, dubban mutane sun tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a garuruwan gundumar Gidan Rumji. Matar da ta iso da goyo, ba ta san kowa ba, ba ta iya karanta allo ba, rigar ma'aikacin agaji take nema da ido. Rigar ce take gaya mata wa za ta tunkara.

*4. Amfani huɗu*

Na farko, ganewa. A cikin taro, yaron da ya ɓace da tsohuwar da jiri ya ɗebe ta suna bukatar sanin wanda zai taimake su nan take.

Na biyu, daidaito. Ɗan mai shago da ɗan mai tallar ruwa, da sun shiga sahu da tufa ɗaya, aiki ne kawai zai fifita wani a kan wani.

Na uku, tsare kai. Mai kaki ba ya ɓuya. Sanin cewa ido yana kansa yana hana shi abin da zai yi da yana cikin kayan gida.

Na huɗu, yarda. Magajin gari ko hakimi ko limami, in zai ba wata ƙungiya aiki, ya fi natsuwa da wadda ta zo masa a shirye. Wanda ya kasa kula da maɓallin rigarsa, da wuya a damƙa masa akwatin magani.

*5. Yadda ake sa shi*

A sa shi cikakke ko a bar shi. In kakin ƙungiya riga ce da wando da hula da ɗamara, to, duka huɗun ake sawa. A ɓalla maɓallai. In dokar ƙungiya ta ce a cusa riga cikin wando, kowa ya cusa. Bajo yana da wurinsa, yawanci a ƙirji, kuma wuri ɗaya ga kowa. Kada a ƙara wani ado da ƙungiya ba ta yarda da shi ba, kamar lambar girma da mutum ya saya a kasuwa ya maƙala wa kansa. Takalmi ko da na roba ne, a wanke shi, kada a take bayansa.

Ƴanmata da matan ƙungiya su zauna tare da shugabanni a yanke launin hijabi da tsawon riga da na zane ko siket, yadda zai dace da addini da al'ada, kuma ba zai hana aiki ba. In aka yanke, kowa ta bi. Iyaye sun fi sakin jiki su bar ƴarsu ta shiga ƙungiyar da shigarta take da kamala.

Kafin a fita aiki, a tsaya sahu, kowa ya dubi na kusa da shi. Wanda aka ga wuyan rigarsa ya naɗe, a gyara masa cikin raha. In gyaran babba ne, shugaba ya ja shi gefe. Tozarta mutum a gaban jama'a ba ya koya masa son kaki, sai dai ya kore shi daga ƙungiya.

*6. Wanki da ajiya*

Ƙasarmu ƙasar zufa ce da ƙura. A wanke kaki ranar da aka cire shi, domin zufar da ta kwana a yadi tana cin zare tana barin tabo. A cire bajo kafin a jiƙa. A wanke shi daban, kada wani zane ya zuba masa launi. A juya cikinsa waje a shanya a inuwa, saboda ranar bazara tana koɗar da launi cikin ɗan lokaci. Mai dutsen guga na gawayi ya kakkaɓe toka, ya gwada zafin a wani tsumma tukuna. Wanda ba shi da dutsen guga ya ninke shi sumul tun da sauran danshi kaɗan, ya danne da abu mai nauyi.

Kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingine da bangon laka, gara da ɓera ba su san darajarsa ba. A sa shi cikin akwati ko a rataye a igiya a lulluɓe. Maɓallin da ya fara lilo a ɗinke shi yau. Allura da zare ba aikin mata kaɗai ba ne, kowane ɗan ƙungiya ya koya.

*7. Inda ba a zuwa da shi*

Ba a zuwa gona ko kiwo ko zance da kakin ƙungiya. Ba a zuwa da shi neman bashi ko karɓar bashi, ko wurin rigimar gida, ko taron siyasa. Ba a ara wa wanda ba ɗan ƙungiya ba, ko da wa ne ko ƙane. Ba a tare hanya da shi a karɓi kuɗin mutane. Wanda ya bar ƙungiya ya mai da bajo da katinsa. In kaki ya ɓace ko an sace, a gaya wa shugaba a ranar.

Akwai gargaɗi mai nauyi a nan. Kada ƙungiya ta ɗinka abin da ya yi kama da kakin soja ko na jandarma ko na ɗan sanda ko na ma'aikatan gandun daji. Sa tufar hukuma ba da izini ba laifi ne a doka. Ban da haka, a garuruwan da ke kusa da iyaka, inda hankalin kowa yake tashe, irin wannan shiga tana iya jawo wa saurayi asarar ransa. Kafin a kai yadi wurin tela, a nuna wa hukumar gari launi da fasalin da aka zaɓa.

*8. Rashin kuɗi ba ya hana*

Ba sai kaki ya yi tsada ba. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfi tana iya farawa da ƴar shara mai launi ɗaya da hula, ko ƙyallen wuya kaɗai. Abin da ake nema shi ne ya zama iri ɗaya, mai tsabta. A sayi yadin a lokaci guda daga bandir ɗaya don kada launi ya saɓa, a ba tela ɗaya. Kuɗin yana iya fitowa daga karo-karon mako, ko adashe, ko gonar ƙungiya ta gyaɗa ko wake ko aya, wadda ƙasarmu ta yi suna da nomanta. A fara ɗinka wa marasa hali, ba tare da an yi shela ba. Kakin da matasa suka yi gumi suka saya ya fi samun kulawa a kan wanda aka raba musu kyauta.

*9. Alfahari ba girman kai ba ne*

Alfahari da kaki shi ne mutum ya sa shi ba ya jin kunya, ko abokai suna tsokanarsa, domin ya san aikin da yake yi da shi. Girman kai shi ne ya ɗauka tufar ta ɗora shi a kan mutane. Ɗan agajin da ya daka wa dattijo tsawa a filin idi, ko ya ɗaga wa yara bulala, ya ɓata kakinsa fiye da wanda ya faɗa taɓo da shi, domin taɓo sabulu yana fitar da shi. Kuma ba shi kaɗai za a zaga ba, ƙungiyar za a ambata. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai kaki shi ne farkon gaisuwa, shi ne ƙarshen cin abinci, shi ne mai ɗauke wa tsohuwa kaya.

Iyaye ma da nasu rabo. Uwar da ta ware wa ɗanta sabulun wankin kaki, da uban da ya tsaya ya dubi ƴarsa ta shirya ya sa mata albarka, sun koya musu cewa aikin jama'a abin girmamawa ne.

Tattaunawa

Ɗalibai biyu su karanta, ɗaya kawu, ɗaya ɗan ƙanwarsa.

Kawu: Kai, ɗana, ina zuwa haka da rigar agaji?

Yaro: Kasuwa zan leƙa, Kawu. Inna ce ta aike ni.

Kawu: Aikin ƙungiya ne a kasuwar?

Yaro: A'a, Kawu. Sauran rigunan ne duk sun yi datti.

Kawu: To, in rigima ta tashi a gabanka, wa mutane za su duba?

Yaro: Ni za su duba.

Kawu: Shugabanku ya san kana can?

Yaro: Bai sani ba, Kawu.

Kawu: Ka gani? Rigar za ta ce an aiko ka, alhali ba wanda ya aiko ka sai innarka. Shiga ɗakina ka ɗauki tawa ka sa. Wannan ka ninke ta sai ranar Juma'a.

Yaro: To, Kawu. Na gode, Allah ya ƙara girma.

Kawu: Allah ya yi maka albarka.

Abin riƙewa

Kaki yana nuna wanda ya aiko ka da wanda zai tuhume ka. A sa shi cikakke, da tsabta, a lokacin aiki kaɗai. Kada a ara, kada a kwaikwayi na hukuma. Halin mai shi ne yake ƙara masa daraja ko ya rage.

Tambayoyi

1. Me ya sa mutane suke buɗe wa dogari hanya ko ba su san sunansa ba?
2. Wane aiki kwamitin Ɗan Saga yake yi, kuma me kaki da bajo suka ƙara masa?
3. A wace shekara aka kafa Croix-Rouge ta Nijar? Me ya sa ba kowa yake da izinin sa alamarta ba?
4. Kawo wurare uku da bai dace a je da kakin ƙungiya ba, ka faɗi dalili.
5. Mene ne bambancin alfahari da girman kai?

Cike gurbi

1. Ana shanya kaki a ________ don kada launinsa ya koɗe.
2. Wanda ya bar ƙungiya ya mai da ________ da ________.
3. Kafin a ɗinka kaki, a nuna wa ________ launin da aka zaɓa.

Lissafi

A ce wata ƙungiya tana da mutum 24. Kowa yana bukatar yadi mita 3. A ce mita ɗaya sefa 1,500 ne, ɗinkin mutum ɗaya kuma sefa 2,000.

1. Mita nawa za a saya gaba ɗaya?
2. Nawa ne kuɗin yadi? Nawa ne kuɗin ɗinki? Nawa ke nan a haɗe?
3. In kowa yana zuba sefa 250 a mako, mako nawa za a yi kafin kuɗin su cika?

Rubutu

Kowa ya rubuta dokoki biyar na sa kaki, gajeru, waɗanda za a iya liƙawa a bangon wurin taron ƙungiya.

Aikin gida

Ku kasu gida uku. Kashi na farko su sami dattijo ko dattijuwar da ta yi Samariya, su tambaye ta irin shigar da suke yi da yadda suke samun kuɗinta. Kashi na biyu su je wurin tela su tambayo farashin yadi da ɗinki na yanzu, su sake lissafin da ke sama da shi. Kashi na uku su gayyato shugaban wata ƙungiyar matasa ta garinku ya zo aji da kakinsa cikakke, ya bayyana ma'anar kowane abu da ke jikinsa. A zama na gaba kowane kashi zai karanta wa aji abin da ya rubuto.